Hausar Shafin Baya: Sharhi a Kan Wata Tsohuwar Mujallar Makaranta a Fagge

Gabatarwa

Masu nazarin tarihin rubutun boko a ƙasar Hausa sun saba bin hanya guda, wadda ta taso daga makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa ta Kano a 1909, ta ratsa ta Hukumar Fassara da Hukumar Talifi, ta yada zango a gasar ƙagaggun labarai ta 1933, sa'an nan ta zarce zuwa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, da hukumar NORLA, da kamfanin NNPC. Hanya ce miƙaƙƙiya, kuma marigayi Ibrahim Yaro Yahaya ya share ta sarai a littafinsa Hausa a Rubuce na 1988. To amma akwai wani rubutu mai yawa da ke kwance a gefen wannan hanya, wanda ba safai manazarta suke waiwayarsa ba, wato mujallu da jaridun da ɗaliban makarantun sakandare suke shiryawa da kansu. Ba a sayar da su a kanti, ba a kuma cika adana su a ɗakin karatu ba. Galibi a ƙarƙashin gado ko a gindin adaka suke ƙarewa, gara ta yi musu hukunci.

Dalilin wannan maƙala shi ne, kwamitin shirya taron tsofaffin ɗaliban ajinmu, waɗanda muka gama sakandare a 1998, ya ɗora mini aikin zaɓo wasu shafuka daga tsohuwar mujallar makarantarmu domin a sake buga su a ɗan littafin da za a raba ran taro. Sun ce ai ni ne malamin Hausa. Da taimakon abokai na sami fitowa biyar, daga 1994 zuwa 1998, na zauna na karanta su, wannan karo da idon mai sharhi. Ba zan ambaci sunan makarantar ba, domin abin da zan faɗa bai keɓanta da ita ba. Ya isa mai karatu ya san cewa makarantar gwamnati ce ta maza, ta jeka-ka-dawo, wadda take ɗibar ɗalibanta daga Fagge da Sabon Gari.

Muhallin mujallar

Wajibi ne a ɗan tsaya a kan waɗannan unguwanni biyu, domin ba za a fahimci harshen mujallar ba sai da su. Fagge tsohon zango ne a bayan ganuwa, masaukin ayarin Buzaye da Larabawa da sauran fatake tun kafin zuwan Turawa. Sabon Gari kuwa an kafa shi ne wajen 1913, bayan isowar hanyar jirgin ƙasa Kano a 1911, domin ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. Saboda haka duk su biyun wuraren baƙi ne tun asali, kuma Hausa ce ta zama igiyar da ta ɗaure cinikinsu. Ba su kuma rasa tarihi a harkar ɗab'i da siyasa ba. A 1949 jaridar Daily Comet ta Nnamdi Azikiwe ta dawo Kano, tana da sashen Hausa wanda Magaji Ɗambatta ya yi wa aiki. A Sabon Gari, a gidan Bello Ijumu, aka kafa jam'iyyar NEPU ran 8 ga Agusta, 1950. Daga baya gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa kamfanin Triumph a 1980, wanda ya riƙa buga Albishir da boko da Alfijir da ajami. Zamanin da muke makaranta kuwa shi ne ganiyar littattafan da aka yi wa laƙabi da adabin kasuwar Kano, lokacin da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino yake yawo daga hannu zuwa hannu a ƙarƙashin tebur.

Abin nufi shi ne, yaran da suka rubuta wannan mujalla ba su taso cikin fatarar rubutacciyar Hausa ba. Tana kewaye da su ta ko'ina. Shi ya sa abin da mai karatu zai fara lura da shi yake da ban mamaki: a kowace fitowa, sai an gama jawabin shugaban makaranta, da rahoton wasanni, da muƙalun Turanci, da waƙoƙin Turanci, kafin a zo ga Hausa, a shafuka uku ko huɗu na ƙarshe. Wannan jeri shi kansa hukunci ne a kan darajar harsunan biyu, kuma babu wanda ya taɓa ƙalubalantarsa a cikinmu.

Fitowa uku na farko da tafireta aka buga su a kan sitansil, aka gurza da injin Gestetner na ofishin makaranta. Da yake tafiretar ba ta da haruffa masu ƙugiya, sai wani mai haƙuri ya bi ɓ da ɗ da ƙ yana lanƙwasa musu kai da hannu. A shafin farko na sashen Hausa yakan yi ƙoƙari, a na biyu ya fara gajiya, a na ƙarshe ya bar kowa da Allahnsa, har "ƙafa" ta koma "kafa", "ɓata" ta koma "bata". Rabuwar kalmomi ma haka take: "a kan" da "akan", "ko ina" da "ko'ina", duk an gwamutsa su, kamar ba a taɓa yin taron daidaita ƙa'idojin rubutu a Bamako a 1966 ko a Yamai a 1980 ba. Ba na ɗora wa yara laifin wannan, ganin cewa har yau manya ba su gama da shi ba.

Hausar neman maki

Rubutun Hausa na mujallar ya kasu gida biyu, kuma tazarar da ke tsakaninsu ita ce jigon wannan sharhi. Kashi na farko shi ne wanda malami ya duba ya sa hannu: muƙalu a kan muhimmancin ilimi, da biyayya ga iyaye, da illar shaye-shaye, sai kuma waƙoƙi. Na karanta su duka, kuma in faɗi gaskiya da ƙyar na bambance marubuci daga marubuci. Kowa yakan buɗe da sallama da godiya, ya kawo ma'anar kalmar da zai yi magana a kanta, ya jero fa'idodi, ya rufe da kira ga gwamnati da iyaye. A tsakani kuma ana cusa karin magana kamar yadda ake cusa kaya a buhu, ko ta dace ko ba ta dace ba, domin an gaya mana cewa karin magana tana jawo maki a jarrabawa.

A bayyane yake cewa Abubakar Imam muke kwaikwayo, domin Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja su ne ma'aunin kyakkyawar Hausa a wurin malamanmu. Sai dai rigar Imam muka ɗauka, muka bar mutumin. Shi Imam karin magana takan zo masa ne a bakin wani mai magana, a daidai gaɓar da labari ya nemi ta, sau da yawa ma don ba'a. Mu kuwa ado muka maishe ta. Abin da ya fi wannan muni shi ne, a ƙarƙashin adon, ƙashin jimlar na Turanci ne. Za ka ga ilimi yana "taka muhimmiyar rawa", ko matasa su ne "ƙashin bayan" al'umma, ko jimla ta ɗauko da "wanda" ta ja shi har layi huɗu ba ta sauke ba. Irin Hausar fassarar labaran rediyo ke nan, wadda yaro ya ɗauka ita ce Hausar masu ilimi.

Waƙoƙin ba sa bukatar dogon bayani. An kiyaye amsa-amo, yawanci da "wa" ko "na", saboda shi ne ido yake gani a takarda. Kari kuwa, wanda kunne ne yake jin sa, a karye yake kusan a kowane baiti. An koya mana Waƙoƙin Mu'azu Haɗeja da Fasaha Aƙiliya a matsayin abin karantawa a amsa tambaya, ba a taɓa rera mana su ba, to ta ina yaro zai san cewa waƙa tana da ƙafafu?

Hausar shafin baya

Kashi na biyu shi ne shafin ƙarshe, wanda aka ware wa barkwanci da tsegumin makaranta da gaishe-gaishe. Malamai ba sa duba shi sai don su tabbatar ba a zagi wani malami ba. A nan ne, a ganina, duk wata Hausa mai rai ta mujallar ta taru. Jimlolin gajeru ne, masu bin numfashin mai magana. Akwai tsalle daga labari zuwa zance ba tare da neman izini ba, akwai amsa-kama, akwai habaici da zambo waɗanda aka gina su da gwaninta fiye da duk karin maganar da ke shafukan gaba. Yaron da ya kasa haɗa sakin layi ɗaya mai daɗi a kan biyayya ga iyaye, shi ne zai ba ka labarin yadda mai tsaron ƙofa ya kama masu tsallake katanga za su kallo a Plaza ko Eldorado, ka karanta kana dariya bayan shekaru kusan talatin.

Ga mai nazarin kalmomi kuwa, wannan shafi taska ce. A ciki za a ga "ɗan canji" da ma'anar da ta samu a Wapa, da "gwanjo", da "kabu-kabu", da "cuwa-cuwa", da "doji" na gudun aji. Za a ga "ɗan acaɓa" yana fitowa kusan a kowane labari, alhali yaron Kano na yau bai tashi da shi ba, tun da aka hana ɗaukar fasinja a babur a 2013. Za a ga kalmomin da suka tsallako titi daga Sabon Gari, kamar "oga" da "teba" da "agushi", suna zaune daram a cikin jimla, babu mai jin su baƙi, kamar dai yadda "agogo" da "ashana" da "akawu" suka shigo daga Yarabanci tun da daɗewa har aka manta asalinsu. Abin da ya ƙara wa wannan daraja shi ne kowace fitowa tana ɗauke da shekararta. Ƙamus yakan gaya mana cewa kalma tana nan, amma ba safai yake gaya mana yaushe ta shigo bakin yara ba.

Da a nan maganar ta tsaya, da sai in ce a tattara shafukan baya a ba ɗaliban digiri na biyu su yi ta haƙa. To amma akwai rami a cikin taskar, kuma ni da kaina na haƙa shi.

A fitowar 1996 akwai wani barkwanci da aka yi a kan wani ɗan ajinmu, Ibo haifaffen Sabon Gari. Ba a faɗi sunansa ba, amma an siffanta shi yadda kowa zai gane. An sa shi yana ciniki a kasuwa da irin Hausar nan da aka saba liƙa wa mutanen kudu: babu bambancin jinsi, mace "ya zo" namiji "ya zo", an daidaita ƙ da k, an gajarce dogon wasali, an birkita karin sauti har kalma ta koma wata kalma mai ban kunya. An kuma kira shi da sunan nan "Inyamuri", wanda asalinsa jimlar Ibo ce ta roƙon ruwan sha, kuma masu shi ba sa son sa. A ƙarƙashin barkwancin akwai haruffan farko na sunan marubucin. Nawa ne.

Ba don neman gafara a bainar jama'a na kawo wannan ba, sai don abin da yake koya wa mai nazari. Wanda duk ya ɗauki wannan shafi a matsayin shaidar yadda 'yan Sabon Gari suke Hausa a 1996, ya yi kuskure babba, domin yaron nan ba haka yake magana ba ko kusa. Kananci yake yi tsantsa, da saurinsa da haɗiye-haɗiyensa, in yana bayan labule ba ka raba shi da ɗan Fagge. Yana cikin waɗanda suka ɗauki darasin Hausa, bisa manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 wadda ta nemi kowane yaro ya koyi ɗaya daga manyan harsuna uku ban da nasa, kuma yakan fi da yawa daga cikinmu maki a nahawu. Hausar da na sa masa a baki ba daga bakinsa na ji ta ba. Daga wasannin kwaikwayo na rediyo da talabijin na ɗauko ta, inda gurɓatacciyar Hausa ta daɗe da zama kayan ban dariya, kamar Hausar bariki ta Samanja. Bambancin shi ne Usman Baba Pategi tsohon soja ne, ya san abin da yake kwaikwayo daga ciki, kuma Samanja gwarzo ne a wasansa. Ni kuwa riga na ɗinka tun kafin in ga mai sawa.

Wani zai ce ai wasa ne, kuma Bahaushe ya san wasan barkwanci tsakanin al'ummu. Haka ne, akwai na Kanawa da Zagezagi, da na Fulani da Barebari, da na Katsinawa da Nufawa, har da na Gobirawa da Yarabawa. To amma sharaɗin taubasantaka shi ne kowa yana da bakin ramawa, kuma kowa ya san iyakar da ba a ƙetarewa. A fitowa biyar ɗin nan ban ga wuri ɗaya da aka ba wani ɗan Sabon Gari fili ya kwaikwayi Turancinmu ba, alhali Allah ya sani akwai abin dariya a cikinsa, tun daga rikicin "p" da "f" har zuwa sama. Wasan da ɓangare ɗaya kaɗai yake da alƙalami sunansa daban ne.

Abin da mujallar ta yi shiru a kansa

Sai an tuna da shekarun kafin a ga nauyin wannan. Iyakar Fagge da Sabon Gari ta sha ganin jini: a watan Mayu na 1953, da 1966, da watan Oktoba na 1991 lokacin zuwan mai wa'azin nan Reinhard Bonnke, da kuma watan Mayu na 1995 lokacin da rigima ta tashi daga kasuwar Sabon Gari. Wannan na ƙarshe muna makaranta aka yi shi. Na bi fitowar da ta biyo bayansa layi-layi, Turanci da Hausa. Akwai sakamakon gasar gudu, akwai muƙala a kan tsafta, akwai waƙa a kan zaman lafiya wadda ba ta ambaci gari ko unguwa ba, ta yadda za a iya rera ta a kowace ƙasa a kowane zamani. Ba a ce komai ba game da kujerun da suka zama wayam a ajinmu na wasu makonni. Na fahimci dalilin hukumar makaranta, a zamanin mulkin soja kuma a gari mai saurin kamawa. Amma mai sharhi dole ya rubuta shirun nan a cikin abin da ya karanta.

Wuri ɗaya tak abin ya leƙo, kuma a rubutun yaron nan da na yi wa ba'a ne. A fitowar 1997 ya rubuta wani ɗan labari da Hausa, bai cika shafi ba, a kan tafiyarsu gida lokacin Kirsimeti. Ya fara da tashar manyan motoci ta New Road da yamma, da yadda uwarsa take ƙirga kaya tana sake ƙirgawa, da daddawa da kilishin da ake kai wa dangi tsaraba. Ya bi hanya cikin dare har suka ƙetare Kwara. Sa'an nan ya faɗi yadda a ƙauyen ubansa yara suke kiransa Bahaushe, suna dariyar yadda yake furta harshen Ibo, har ya ƙosa a koma gida, wato Kano. A tsakiyar labarin, cikin rabin jimla, ya ce jakar da suka yi tafiyar da ita ita ce wadda suka kwana uku a kanta a barikin Bukavu shekaru biyu da suka wuce. Bai ƙara ko kalma ɗaya a kai ba, ya ci gaba da zancen mota.

Ba na shakkar cewa wannan shi ne zube mafi kyau a cikin fitowa biyar ɗin, da Hausa ko da Turanci. Babu karin magana ko ɗaya a cikinsa, babu ma'anar kalma, babu kira ga gwamnati. Kowace jimla tana ɗauke da abin da ido ya gani ko hanci ya shaƙa. Aikatau ne suke jan labarin, ba a tara sifofi ba. Ya san inda ake dakatawa, kuma ya san cewa rabin jimlar nan ta barikin soja ta fi shafi guda na kuka nauyi. Wannan sanin ba a aji aka koya masa ba, domin ajinmu ɗaya. Ina jin abin da ya cece shi shi ne bai ɗauki kansa magajin Imam ba, don haka bai ji wajabcin sa babbar riga ba, ya rubuta Hausar da yake magana da ita. Kurakuransa na rubutu irin namu ne, na ƙugiya da raba kalma. Na neme shi da kuskuren jinsi ko guda ɗaya, irin wanda na cika masa baki da shi shekara guda kafin nan, ban samu ba.

An buga labarin a shafin baya, tsakanin kacici-kacici da gaishe-gaishe. Wanda ya tsara shafukan bai ga ya cancanci zama tare da muƙalun ilimi da biyayya ba, kuma bisa ma'aunin da aka koya mana, yana da gaskiya. Wannan ma'auni shi ya kamata malaman Hausa mu sake dubawa, domin har yanzu ina ganin 'ya'yansa a takardun ɗalibaina na jami'a: gabatarwa mai ma'anar kalma, da tarin karin magana, da jimlar Turanci sanye da hular Hausa. Haka kuma ya kamata wuraren adana tarihi, irin su Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, da Gidan Ɗan Hausa, da Gidan Arewa a Kaduna, su nemi irin waɗannan mujallu daga hannun ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai tun takardun ba su gama ruɓewa ba. Takardar gurzawa ba ta da ƙarko. Biyu daga cikin biyar ɗin da ke hannuna sun riga sun fara karyewa a wurin naɗi.

Game da aikin da kwamiti ya ba ni, na zaɓi jawabin shugaban makaranta ɗaya saboda ladabi, da rahoton wasan ƙwallo ɗaya, da shafukan tsegumi uku. Na kuma ba da shawarar a buga barkwancina na 1996 da labarinsa na 1997 a shafuka masu kallon juna, ba tare da wani sharhi ba. Wasu 'yan kwamiti sun ce tone-tone ne, taron zumunci ba wurinsa ba ne. Muka tsaya a kan cewa mai labarin ne zai yanke hukunci.

Da ƙyar aka samo lambarsa. Iyalinsu sun bar Kano bayan harin bam da aka kai tashar New Road a watan Maris na 2013, yanzu yana Aba yana sayar da kayan gyaran mota. Da na kira shi na faɗi sunana, sai ya ce, "Kai, mutumina, ashe kana raye? An ce ka zama Dakta." Hausarsa tana nan yadda na san ta, sai dai wasu kalmomin da yake amfani da su yaran Fagge sun daina faɗinsu. Na karanta masa barkwancin daga farko har ƙarshe. Ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya ce ya tuna da shi sarai, kuma a buga duka biyun, amma a gyara masa ƙugiyoyin nasa. Da na tambaye shi ko zai zo taron, sai ya ce hanya ta yi nisa, ga kasuwa, amma in turo masa ranar.